Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Duwatsun Birnin Kudu

Da wuya a sami Bahaushen da ya taɓa zama a aji, ko da na shekara uku ne, wanda bai ji labarin macijiyar Daura ba. Ko a Ikko ko a Fatakwal ka tare ɗan Arewa a bakin rumfarsa ka ce masa Kusugu, kafin ka rufe baki zai ce maka Bayajida. Amma ka ce masa Durɓi ta Kusheyi, sai ya yi maka zuru. In kuwa ka ambaci Dutsen Mesa, sai ya zaci wani labarin macijin za ka ƙara masa. Alhali wuraren nan uku duk cikin ƙasar Hausa suke, mota tana zagaye su cikin kwana uku ba tare da an ƙure ta ba. Abin mamaki kuma, wanda aka fi jahilta daga cikinsu shi ne wanda, bisa ga dukkan alamu, ya girmi sauran nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa na ga ya kyautu in je in gano wa masu karatu, tun da an ce gani ya kori ji.

Na fara da Daura, domin ita ce uwa. Daga Kano hanya ta bi ta Dambatta da Kazaure, kuma da yake lokacin hunturu ne an riga an kau da amfanin gona, ba abin da ido ke gani sai kara a jingine, da shanu suna kalar abin da aka bari, da gawo ya yi kore shar kamar yadda ya saba in sauran itatuwa sun kaɗe.

Rijiyar tana cikin gari, ba nisa da gidan Sarki. Wanda ya zo da tsammanin ganin wani rami mai ban tsoro cikin duhuwa zai sha mamaki, gama an gina mata ɗaki, an gyara bakinta, akwai kuma masu kula da ita. Ka leƙa ka hangi ruwa can ƙasa yana ƙyalli. A zura guga a ɗebo maka, ka sha, ka shafa a fuska in ka ga dama. Mutanen garin sun ce ba a taɓa jin ta ƙafe ba, kome tsananin fari. Na tarar da baƙi a wurin, har da waɗansu mata daga ƙetaren iyaka, kowace da kwalba ko 'yar jarka, za su kai tsaraba gida.

Ga labarin a taƙaice, don wanda ya manta. Wai Bayajida ɗan Sarkin Bagadaza ne, ya ɓata da mahaifinsa, ya fito da rundunarsa ya sauka Barno. Mai Barno ya ba shi 'yarsa, sa'an nan ya bi ta dabara ya raba shi da mutanensa kaɗan kaɗan, har Bayajida ya ga in bai gudu ba kwanansa ya ƙare. Ya tsere da matar, ya bar ta da ciki a Garun Gabas ta wajen Haɗejiya, inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa wai ita Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce ai a garin nan ba a ɗibar ruwa sai ran Juma'a, saboda macijiyar da ke cikin rijiya, wadda ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi. Macijiya ta ɗago kai, ya sare, ya jefa kan cikin burgami, ya sha ya shayar da dabbarsa, ya koma ya kwanta. Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta ce wanda ya yi wannan aiki ta ba shi rabin gari. Maƙaryata suka yi ta zuwa, kowa ya ce shi ne, in an ce ina kan sai ido ya raina fata. Daga ƙarshe baƙo ya fito da kai, ya ce shi ba rabin gari yake so ba, mai garin yake so. Ɗansu Bawo shi ya haifi 'ya'ya shida da suka mallaki Daura da Katsina da Kano da Rano da Zazzau da Gobir. In an haɗa da Biram, Hausa Bakwai ke nan.

To, mai karatu, a nan ya kamata mu ɗan dakata, domin labarin yana faɗin wani abu da yawancin masu ba da shi ba sa lura. Sau da yawa za ka ji an ce wai Bayajida shi ne kakan Hausawa duka. Labarin da kansa bai ce haka ba. Baƙon nan ya tarar da gari, da sarauniya a bisa gado, da Galadima da Ƙaura a fada, ya tarar da maƙera a Gaya suna ta zuga, ya kuma tarar da rijiya wadda wani ya riga ya haƙa. Mutanen Daura ma suna da jerin sarauniyoyin da suka gabaci Daurama, tun daga Kufuru, suna kuma nuna kufan Tsohon Birni inda aka ce suka zauna kafin a dawo nan. Ashe abin da labarin ke bayani shi ne asalin gidajen sarauta, da yadda mulki ya fita daga hannun mata ya koma na maza. Jama'a kam ya same su da harshensu da sana'arsu.

Sa'an nan dubi ranar Juma'a. Ina macijiyar zamanin maguzanci ta san Juma'a? Dubi kuma Bagadaza, birnin da sai a shekarar 762 aka kafa shi. Waɗannan alamu ne cewa labarin ya daɗe yana bi ta hannun malamai, kowane zamani yana ɗinka masa riga irin tasa. Muhammadu Bello, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi, ya ambaci Bawo a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, amma a ruwayar da ya kawo Bawo bawan Mai Barno ne. Waɗansu masana kuma sun yi ƙoƙarin haɗa Bayajida da Abu Yazid, wani madugun tawaye na Afirka ta Arewa wanda ya yaƙi daular Faɗimiyya, ya rasa ransa a 947. Sunayen sun yi kama, gaskiya ne, amma wanda ya mutu a can bai zo ya sare macijiya a nan ba. Iyaka dai a ce mabiyansa da suka watse ne suka ƙetaro Sahara da sunansa.

Ba mu kaɗai ke da maciji a rijiya ba. Mutanen Soninke na Mali da Muritaniya, jikokin masu tsohuwar daular Gana, suna da labarin Bida, macijin da ake ba budurwa kowace shekara, shi kuma ya ba su ruwan sama da zinariya. Ran da wani saurayi ya sare shi don ya ceci wadda yake so, sai fari ya faɗa wa ƙasar, daula ta watse. Su kashe maciji ne ya jawo musu ƙishirwa, mu kuwa kashe shi ne ya ba mu ruwa kullum. Duka biyun dai a kan ruwa da mulki suke magana, kuma ba banza ba ne macijiyar Daura take amsa sunan Sarki.

Akwai waɗanda ba sa jin daɗin ganin jarkokin nan. Wani malami da muka yi hira da shi a masauki ya ce da ni Kusugu ba Zamzam ba ce, babu aya babu hadisi a kanta, wanda duk ya ɗauka ruwanta yana warkarwa don kansa ya kama mummunar hanya. Ban musa masa ba, kuma damuwarsa tsohuwa ce, domin yanka ga duwatsu da itatuwa yana cikin abubuwan da masu jihadi suka tuhumi sarakunan Hausa da na Barno da su. Sai dai waɗanda na gani a bakin rijiyar da bisimilla suke sha, kamar wanda ya je gidan kakansa ya ɗebi ruwan randa. Wannan ƙauna ita ce ta samar wa Kusugu rufi da mai shara. Sarautar Daura ta fita daga hannun tsohon gida a zamanin jihadi, sai a 1906 Turawa suka mayar da ita, amma cikin duk wannan juyi ba wanda ya cike rijiyar. Takobi da wuƙar da ake dangantawa da Bayajida suna gidan Sarki, kuma kowace shekara in watan Mauludi ya kama Daura takan cika da baƙi don Sallar Gani.

Daga Daura na yi yamma, hanyar Katsina. Cikin 'ya'yan Bawo, wanda aka ce ya sami Katsina shi ne Kumayau, amma ba a birnin da muka sani yau ya zauna ba. Mazauninsa yana ƙasar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da birni, wurin da ake kira Durɓi ta Kusheyi. Sunan ya gama bayani, domin kusheyi jam'in kushewa ne, watau kabari.

Sai an ratse daga kwalta tukuna ake isa. Abin da za ka gani shi ne waɗansu tuddai na ƙasa a warwatse cikin gonaki, waɗansu manya, waɗansu kuwa sun kwanta har sai an nuna maka. Wanda bai sani ba zai ce tsohon juji ne ko suri ya girma. Guda 8 masu bincike suka ƙidaya. Akwai kuma tsofaffin kukoki da ake kira Kuka Katsi, waɗanda gwamnati ta sa cikin jerin kayan tarihin ƙasa tare da tuddan tun a 1959. Mutanen wurin suna danganta kusheyin da sarakunan Durɓawa, su Kumayau da Ramba da Teryau da Jarnata da Sanau. Sanau shi ne na ƙarshe. An ce gwanin kokawa ne, yana da wani asiri da yake ɗaurawa a ƙugu wanda ya hana bayansa taɓa ƙasa, sai Korau, mutumin 'Yandoto, ya bi ta hannun matarsa aka sace asirin, ya kā da shi a bainar jama'a ya yanka shi, ya hau gado. Gajere, takobin da ake dangantawa da Korau, yana cikin kayan sarautar Katsina.

Bambancin Durɓi da Kusugu shi ne, a nan an tambayi ƙasa ita ma ta faɗi nata. A 1907 wani Bature mai suna H. R. Palmer, wanda ke aikin mulki a Katsina, ya sa aka tona waɗansu daga cikin tuddan da yardar Sarki Muhammadu Dikko, wanda bai daɗe da hawa gado ba, kuma shi kansa sarautar Durɓi yake riƙe da ita kafin ya zama Sarki. Kayan da aka fitar a wannan karo sun salwanta, asarar da har yau masana ke cizon yatsa a kanta. Sai a 1992 wani shehun malami daga Jami'ar Bayreuth ta Jamus, Dierk Lange, ya jagoranci tonon waɗansu guda 3. A tsakiyar kowane tudu aka sami mutum ɗaya kwance da dukiyarsa: mundaye na hauren giwa, da na tagulla, da duwatsun wuya, da wuri, da zobba da 'yan kunne na zinariya, da ragowar tufafi da fatu, har da wata tasa wadda masana suka ce ƙirar ƙasashen Musulmi ce na gabas. A 2007 aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su aka auna shekarunsu, daga baya aka dawo da su gida. Awon ya nuna an yi binne-binnen ne tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Jama'a, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Wurin nan da aka samu, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi har zuwan Turawa, daga tekun Hindu yake fitowa. Watau shekaru 600 ko 700 da suka wuce akwai mutane a wannan fili da ake noma gero a yau, waɗanda fatake ke kawo musu kaya daga bayan hamada da bayan teku, suna kuma da abin biya. Sa'an nan ga tasa daga ƙasar Musulmi a cikin kabarin da ba irin na Musulmi ba, domin Musulmi da likkafani kaɗai yake tafiya. Ke nan mutanen Durɓi sun san Musulunci ta hanyar kasuwa, amma wajen binne manyansu ba su bar ta iyaye ba tukuna. Babu wani littafi da ya gaya mana haka, ƙasa ce ta faɗa. Ta gaskata tsofaffi cewa manya ne ke kwance a nan, amma ba ta rubuta sunan kowa a goshinsa ba, saboda haka wane tudu ne na Kumayau, wane ne na Sanau, wannan yana nan a bakin masu ba da labari.

Wani dattijo da na tarar yana tara kara kusa da ɗaya daga cikin tuddan ya ce tun suna yara ake tsawata musu kada su yi wasa da wurin. Na yi tunanin cewa wannan tsawa ita ce ta tsare kusheyin ɗaruruwan shekaru, tun babu doka babu gidan kayan tarihi. Abin tsoro shi ne ran da tsawar za ta daina aiki, maganar zinariya kuwa ta riga ta fita. Mun ga yadda aka yi a shekarun 1990, sa'ad da aka yi ta haƙe gumakan yumɓu na Nok da na Kwatarkwashi ana sayar wa dillalai, su kuma suna fitar da su Turai. Abin da ɓarawo ya haƙa da dare, ko an ƙwato shi daga baya, ya riga ya zama bebe, domin ba a san a wane zurfi ya kwanta ba, ko kusa da me.

Daga nan na shiga Katsina, na koma Kano na kwana, da sassafe na kama hanyar Wudil zuwa Birnin Kudu, tafiyar kilomita kamar 130. Garin yana Jihar Jigawa tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, kuma yawancin mutane da kwalejinsa ta gwamnati suka san shi. Kaɗan ne suka san abin da ke ƙarƙashin duwatsun da ke kewaye da shi, manya manya masu sulɓi, a ɗore bisa juna sai ka ce wani ƙato ne ya jera su. Kowanne da sunansa, akwai Dutsen Mesa, akwai Dutsen Habude, akwai Dutsen Murufu. A inda dutse ya yi rumfa, ruwan sama bai dukan wurin, nan ne mutanen da suka yi zane.

In ka shiga daga cikin rana ba ka ganin kome da farko. Sai ido ya huta, sa'an nan ka ga ƙaho ya fito, ka ga ƙafafu, ka ga saniya sosai, waɗansu da jan launi, waɗansu fari, waɗansu baƙi. Iri biyu ne, akwai masu dogon jiki da dogayen ƙahoni, akwai gajeru masu kauri da ƙananan ƙahoni. Wani Bafulatani da ya biyo mu ya duba ya duba, ya ce, “Malam, shanun nan ina tozonsu?” Wallahi ya yi tambayar da ta fi kowace. Bunaji da rahaji da gudali, duk shanun da muka tashi muka gani a ƙasar Hausa, masu tozo ne. Asalin masu tozo kuwa daga wajen ƙasar Hindu ne, ta gabas suka shigo Afirka, sai daga baya suka bazu zuwa nan. Kafin su akwai marasa tozo, waɗanda ragowarsu su ne muturu na kudu da kuri na bakin tafkin Cadi. Wanda ya yi zanen nan abin da ya saba gani ya zana, kuma bai zana tozo ba. Wannan ita ce babbar shaidar tsufan wurin.

Ba zane kaɗai ba ne. Kusa da shi akwai duwatsun kiɗa, waɗanda in ka buga su da ɗan dutse sai su yi ƙara kamar kuge, wani wuri murya sama, wani wuri ƙasa. Gefensu duk ya lotsa da ƙananan ramuka kamar gurbin dara, saboda yawan bugu, kuma mai karatu ya kwatanta hannu nawa ne za su bugi dutse irin wannan kafin ya lotsa. Bernard Fagg, Baturen nan da ya buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952, shi ya rubuta labarinsu bayan ya gan su a 1955, daga nan ne masana suka farga suka yi ta gano irinsu a sauran wurare a Nijeriya, da Yuganda da Sudan, har da Turai. Watau Birnin Kudu ce ta buɗe wa duniyar ilmi ido a kan wannan fanni. Akwai kuma zane-zane a Geji da Shira cikin Jihar Bauchi.

Fagg ya ce a lokacinsa al'ada ce amaryar Birnin Kudu ta je Dutsen Murufu da sassafe ran bikinta, ta wuni a can. Ban da wannan, labarin da ke rataye da duwatsun kaɗan ne ƙwarai. In ka tambaya wa ya yi zanen, wani ya ce mutanen da, wani ya ce aljannu, shi ke nan an gama. Babu jarumi, babu sarauniya, babu gidan sarautar da ke cewa kakanmu ne. Kusugu tana da magada, Durɓi tana da masu sunanta, Dutsen Mesa kuwa maraya ne, ga shi kuma dukiyarsa ta fi ta kowa saurin lalacewa. Rijiya in ta rufta a yashe ta, zane in ya goge ya tafi ke nan. Hayaƙi yana ɓata shi, hannu yana ɓata shi, haka gawayin yaron da ke son ya bar sunansa, haka baƙon da ke watsa masa ruwa don launi ya fito a hoto. Uwa uba kuma ga kasuwar tsakuwa, gini yana ta ƙaruwa a birane, mai fasa dutse kuwa abincin 'ya'yansa yake nema, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa wannan dutse dabam yake da wancan.

A ganina aikin ba na gwamnati kaɗai ba ne, ko da yake shinge da mai gadi nata ne. Malaman makarantun garin su riƙa kai ɗalibai, su nuna musu saniyar da ba ta da tozo su bar su su yi ta gardama a kanta. Masu unguwa da limamai su faɗa wa jama'a cewa duban aikin mutanen da ba bauta ba ce, ai an umurce mu da mu yi tafiya cikin ƙasa mu ga yadda na farko suka ƙare. Mawaƙa da marubuta kuma, waɗanda suka cika mana kunne da Daurama, su waiwayi wannan wuri. Wanda ya yi niyyar zuwa ya je da safe kafin dutse ya ɗauki zafi, ya fara gaida masu gari su haɗa shi da ɗan rakiya, ya bar hannunsa a aljihu in ya zo gaban zane. Duwatsun kiɗa kuwa ya buga a hankali, a gurbin da ya tarar, kada ya buɗe sabo.